Na gaji gona da shanu takwas: yaya shekarar take tafiya, kuma ina wuyarta take?

Tambaya: Mahaifinmu ya rasu bara, ya bar mana gona kamar hekta huɗu a ƙasar Ƙaraye da shanu takwas: bijimai biyu na huɗa, shanu mata uku, karsana ɗaya da maruƙa biyu. Ni ne babba, ina koyarwa a Kano, kuma ƙannena sun ce in riƙe abin kada a watse. Ina so in koma gida in haɗa noma da kiwo kamar yadda ya yi. Yaya rayuwar take yau da gobe, kuma wane lokaci ne ya fi wuya a shekara?

Amsa: Allah ya jiƙan mahaifinku, ya kai haske kabarinsa, ya sa albarka a abin da ya bari. Ɗana, na yi fiye da shekara talatin ina aikin malamin gona kafin in ajiye, kuma har yau ina da 'yan shanuna a bayan gida, da gona a jigawa da wata ƙarama a fadama. Zan gaya maka abin yadda na san shi. Kafin nan, magana ɗaya: ko da kun yarda ba za ku watse ba, ku kira malami ya raba gadon a takarda, kowa ya san nasa har 'yan'uwanka mata, sannan ka riƙe a matsayin amana. Saniya tana haihuwa, tana mutuwa, ana sayar da ita ranar larura, kuma duk waɗannan sun fi sauƙi idan an san ta wane ce.

Mutanen birni suna ɗauka damina ce mai wuya, domin a nan suke ganin mutum duƙe da fartanya. Ga mai noma zalla, gaskiyarsu ne. Wanda ya haɗa da shanu kuwa, wuyarsa tana daga tsakiyar Afrilu zuwa ƙarshen Yuni, wato ƙarshen bazara da bakin damina. A makonni goman nan komai yake haɗuwa a kanka. Harawa ta ƙare, rijiya ta ja baya, hatsin rumbu ya yi ƙasa, kuɗin iri da taki suna jira, shanu mata suna haihuwa, kuma a lokacin ne kake son bijimai biyun nan su ja garma alhali haƙarƙarinsu a waje yake. Wanda ya tsaya sai Afrilu ya fara neman mafita ya makara, ba a fafe gora ranar tafiya. Bazararka a kaka ake shirya ta, watan Oktoba da Nuwamba, kuma tun da yanzu muke shiga kaka, tambayarka ta zo a kan gaɓa.

Bari mu yi lissafin da yawancinmu ba ma zama mu yi. Saniya Bunaji irin tamu mai nauyin kilo 250 zuwa 300 tana buƙatar busasshen abinci kilo 6 zuwa 7 kullum, wato kusan kashi biyu da rabi cikin ɗari na nauyin jikinta. Bijimi ya fi haka, maraƙi bai kai ba. Garkenka idan aka daidaita shi, kamar manyan shanu bakwai ne, cinsu na yini wajen kilo 45. Daga farkon Disamba zuwa tsakiyar Yuni, lokacin da sabuwar ciyawa za ta iya riƙe ciki, kwana 200 ne. Ka ga tan tara ke nan. Hektar dawa da ta yi kyau takan ba ka kara tan biyu zuwa uku, kuma idan ka zuba musu shi ɗungurungum, ganye da kai za su ci su tattake rabin. Gonarka ita kaɗai ba za ta riƙe su ba. Mahaifinka yana da hanyar da yake cike giɓin: wataƙila kiwo a gonakin maƙwabta bayan girbi, wataƙila fadama, wataƙila akwai wani Bafulatani da yake ba wa wasu su tafi da su kudu. Ka zauna da mahaifiyarka da yaron da yake kora su, ka tambaye su wata bayan wata abin da marigayin yake yi. Wannan hirar ta fi maka duk abin da zan rubuta.

A kaka, girbin hatsi kowa ya san shi, ba sai na tsaya ba. Inda ake asara shi ne girbin abincin dabba. Harawar wake da ta gyaɗa su ne naman miyan shanu a rani. Busasshiyar ciyawar daji da kara, sinadarin gina jiki da ke cikinsu yakan faɗi ƙasa da kashi 4 cikin ɗari, alhali tumbin saniya yana son wajen kashi 7 kafin ya narkar da abinci yadda ya kamata. Harawa mai kyau tana da kashi 10 zuwa 15. Shi ya sa 'yar kaɗan da ka ɗora a kan kara take sa saniya ta ci karan da kyau. Amma duk amfanin a ganyen yake. Ka yanke ta da sauran kore a jikinta, ka bar ta ta sha iska kwana biyu ko uku, ka naɗe ta da sassafe lokacin da raɓa ta sa ta yi laushi. Idan ka naɗe da tsakar rana ganyen zai karkaɗe, ka kai tsirarun jijiyoyi gida. Ka ɗora ta a kan rumfa ko cikin ɗaki, nesa da ƙasa saboda gara, a rufe saboda rana. Harawar da ta yi wata huɗu a kan bishiya rana tana dukanta, ka duba launinta a watan Maris, za ka ga ta koma fari fat.

Idan ka zo zaɓen irin wake baɗi, kada ka watsar da kanannado don ya daɗe bai nuna ba. Yaɗonsa shi ne dukiyar mai shanu. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya ta fitar da ire-iren wake da gyaɗa da ake kira SAMPEA da SAMNUT, cikinsu akwai masu ba da ƙwaya da harawa tare. Ni nakan raba gonar waken biyu, rabi mai saurin nuna don tukunya da kasuwa, rabi mai yaɗo don garke.

Karan dawa kuma kada ya kwana a gona fiye da mako biyu bayan yanke kai. Ka kwashe shi da amalanke ka jingine a gida, ka share kewayensa tas. Wutar masu farautar ɓera da gafiya ta cinye wa mutane da yawa abincin rani cikin rabin sa'a. Ka tara kowar wake, ka tara dusar gidanku, kuma idan kana da 'yan kuɗi, yanzu ne lokacin sayen dusa da anguryar auduga ko ƙuli-ƙuli, kafin su yi tsada a bazara.

Abu biyu suke kashe shanu ko zumunci a kaka. Na farko gyauron dawa, wato sabon tohon da ke fitowa a gindin karan da aka sare. Yana da guba, musamman idan ya ji fari, kuma saniya mai yunwa da ta cika ciki da shi tana iya faɗuwa kafin a kai ga kiran malamin dabbobi. Na biyu ɓarna. Kai ka gama girbi ka saki shanunka, maƙwabcinka kuwa maiwarsa da waken ƙarshe da audugarsa suna tsaye. A lokacin ne kuma garkunan da suka yi damina a arewa suke gangarowa, ga burtalin da suka saba bi an nome rabinsa. Kai kana tsakiya, manomi ne kai kuma makiyayi, don haka ka fi kowa sanin zafin kowane ɓangare. Idan naka suka yi ɓarna, ka je da ƙafarka kafin a kai ƙara wurin mai unguwa. Idan Fulani suka nemi sauka a gonarka bayan ka kwashe abin da kake so, ka yi shawara da maƙwabta, ku yi magana da Arɗo a kan kwana nawa da kuma ina za su sha ruwa. Mashekarin garke na mako biyu yakan farfaɗo da gonar da ta gaji.

Ka tambayi yadda rayuwar take yau da gobe. Ga ranar hunturu a gidana. Ana sallame asuba nake zagayawa garke da tocila, kafin in gaisa da kowa. Ina duba wadda ba ta tashi ba, wadda ba ta tuƙa, wadda hancinta ya bushe, da yadda kashin kowace yake. Saniya mai lafiya idan ta miƙe takan yi miƙa ta gantsare baya. Wadda ta tashi ba ta yi ba, nakan sa mata ido ranar. Sai a kwance maraƙi daga dangwali, ya ruga wurin uwar ya fara tsotso yana tunkurin hantsa, sai nono ya sauko, a janye shi a ɗaure kusa da ƙafarta tana lasarsa, a tsuguna da ƙwarya tsakanin gwiwoyi. Da sanyin nan za ka ga tururi yana tashi daga ƙwaryar. Bunaji a rani lita ɗaya ce zuwa biyu, wani lokaci ba ta kai ba. Daga nan a zuba kara a komi, a share garke a tara kashin wuri guda, wajen hantsi yaro ya kora su, da azahar a ba su ruwa, kafin magariba su dawo a ba masu shayarwa da bijimai harawa da dusa. Da dare kuma kunnenka yana waje. Babu Juma'a, babu Sallah, babu ranar da za ka ce yau ka gaji. Gona takan ba ka hutu bayan girbi, saniya ba ta bayarwa. Idan za ka yi tafiyar kwana biyu, sai ka san hannun da za ka bar su.

A kan tatsa, ina roƙonka ka ji tausayin maraƙi. Kuɗin nono na mata ne a yawancin gidaje, da shi ake cefane, kuma yana da daɗi a ga ƙwarya ta cika. Amma maraƙin da aka ƙware a watanni ukun farko ba ya kamo 'yan'uwansa har abada, idan ma ya tsallake bazara. A bar masa nono biyu cikin huɗu. Ranar da aka haife shi kuwa, dakashin nan, wato nonon farko, nasa ne gaba ɗaya, ya sha shi cikin sa'o'in farko, domin shi ne rigakafinsa.

Babban aikin rani bayan ciyarwa shi ne kai taki. A nan ne haɗin noma da kiwo yake biyan mai shi. Babbar saniya tana ba da busasshen kashi wajen tan guda a shekara, kuma kana samun wanda ta yi a garke ne kawai, kusan rabi idan tana fita kiwo. Ka riƙa shimfiɗa ragowar karan da suka bari a ƙarƙashinsu ya sha fitsari, domin kaso mai yawa na ƙarfin takin a fitsarin yake. Ka tara shi a inuwa ko a rami. Daga Fabrairu ka fara kwasa da amalanke, ka jibge tsibi-tsibi, kada ka baza sai dab da huɗa. Ba zai ishi hekta huɗu ba. Ka zaɓi hekta guda ka ƙosar da ita bana, baɗi ka matsa gaba, ka fara da inda ƙuduji, wato wuta-wuta, ya fi yawa, domin gonar da ta talauce yake bi. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 komai ya tashi har da buhun takin zamani, wanda yake da garke a bayan gida ya san abin da Allah ya ba shi. Ba banza aka ce nagge daɗi goma ba.

Karan kansa ana iya gyara shi. Ka daddatse shi da adda guntu-guntu kamar tsawon yatsa, ka yayyafa ruwan kanwa ko na gishiri, za ka ga abin da suke bari ya ragu sosai. Akwai kuma hanyar da muka koya wa manoma shekara da shekaru: a narka takin yuriya kilo 4 a jarka huɗu ta ruwa mai lita 20, a yayyafa wa datsattsen kara kilo 100, a danne a rami, a rufe da leda ruf har mako uku. Idan an buɗe a bar shi ya sha iska kafin a ba su, a fara da kaɗan. Yana laushi, ƙarfinsa yana ƙaruwa. Sai dai a kiyaye: ruwan yuriyar kansa guba ne, kada dabba ta kai baki gare shi, kuma ba a ba ƙaramin maraƙi ko jaki ko doki wannan karan. Ka fara yi tare da wanda ya taɓa yi.

Idan akwai gawo a gonar, kada ka bari a sa masa gatari. Yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya tare wa shuka rana, da rani kuma ya yi kore ya zubo da 'ya'yan da shanu ke rububi a daidai lokacin da babu komai. Manoman Maraɗi da Damagaram sun mayar da gonakinsu da rai ta hanyar barin 'ya'yan itatuwan da suka tsiro da kansu suna yi musu sassabe mai kyau. Mu ma nan babu abin da ya hana mu.

Rigakafi ma aikin rani ne, kafin jikinsu ya faɗi. Ina sabon ma'aikaci aka yi annobar bushiya ta 1983, na ga garke guda a kwance, mai shi yana tsaye ya rasa hawayen da zai yi. Allura ce ta kawar da bushiya daga duniya, aka sanar da ƙarewarta a 2011. Ciwon huhu kuwa yana nan, haka harbin daji da ciwon saifa, wanda ya sake ɓulla a Jihar Neja a 2023. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a Jihar Filato, wadda ta faro tun 1924, tana yin alluran waɗannan. Ka je ofishin dabbobi na ƙaramar hukumarku ka tambayi lokacin da ake yi, kuma a yi kowace shekara. Saniyar da ta faɗi ta mutu farat ɗaya jini yana fita ta hanci ko ta baya, kada a feɗe ta, kada a ci, a kira ma'aikaci. Sabuwar da ka sayo daga kara, wato kasuwar shanu, a Getso ne ko Wudil, ka ɗaure ta ita kaɗai mako uku kafin ta shiga cikin sauran. Wadda ta yi ɓari kuma kada a taɓa abin da ta zubar da hannu tsirara, bakkale, ciwon da ke sa su ɓari, yana kama mutum, kuma a riƙa dafa madara kafin yara su sha.

To, sai bazara. Zafi ya sauka, babbar saniya tana shan lita 30 zuwa 40 a yini, garkenka jarka goma ko fiye kullum, daga rijiyar da sai an jira ta taru. Shanu suna bin bola suna cin leda da tsumma saboda yunwa da ƙishin gishiri. Na tsaya a mahauta an fasa tumbin wata saniya da ta yi wata biyu tana ramewa ana ta yi mata allura, aka ciro dunƙulen leda da igiya wanda da ƙyar mutum ɗaya ya ɗaga. Babu maganin da zai fitar da wannan. Ka ajiye musu gishirin lasa da kanwa, ka hana su yawon bayan gari. Masu zuwa fadama suna samun ɗanyar ciyawa, amma a nan ciwon hanta yake, ta hanyar ƙananan katantanwa da ke bakin ruwa, don haka mai kiwon fadama ya riƙa ba da maganin hanta bisa shawarar malamin dabbobi.

Ga wani abin da ke ƙara nauyin. Saniya takan karɓi barbara ne idan jikinta ya murje, wato Yuli zuwa Satumba. Cikinta wata tara ne da 'yan kwanaki. Ka lissafa, haihuwa za ta faɗo Afrilu zuwa Yuni, lokacin da babu abinci. Ita ce za ka tarar da safe ta kwanta ta kasa tashi, a taru a ɗaga ta da itace a ƙarƙashin ciki. Wadda ta sha irin wannan wahala takan yi shekara biyu ko fiye kafin ta sake haihuwa. Saboda haka idan harawa ta yi kaɗan, ba a raba ta daidai wa daida. Mai tsohon ciki da mai shayarwa su ne farko, sai bijiman huɗa, sai maruƙa. Sauran su yi haƙuri da kara.

Idan lissafinka na kaka ya nuna abincin ba zai kai ba, ka sayar da ɗaya tun tana da tsoka, Disamba ko Janairu, ka sayi abincin sauran da kuɗinta. Na san yana da ciwo, balle dabbar da mahaifinka ya yi wa suna. Amma guzumar da ka ƙi sayarwa da daraja a hunturu, ita ce mahauci zai taya a wulaƙance a watan Mayu tana kwance. Ka kuma lura da Babbar Sallah. A 2024 ta faɗo 16 ga Yuni, a 2025 ta faɗo 6 ga Yuni, kuma kowace shekara tana matsowa da kwana goma sha ɗaya. Na wasu shekaru masu zuwa za ta riƙa zuwa ne a tsakiyar bazara, lokacin da dabba mai ƙiba take wuyar samu. Wanda ya tanadi harawa ya turke sa guda na wata uku, kuɗin takinsa na damina ya fito.

Bijiman huɗa a fara yi musu ƙari mako shida kafin ruwa, wato tun farkon Mayu: harawa, dusa, ɗan ƙuli-ƙuli ko angurya kullum da yamma. Ka riƙa ɗaura musu amalanke suna ɗan aiki don kada wuyansu ya manta karkiya. Ka duba garma, ka kai wa maƙeri abin da ya cinye tun kafin layi ya yi tsawo. Ranar da aka yi ruwan shuka na gaske, kowa a garin yana neman huɗa a mako guda, kuma mai bijimai masu ƙarfi yakan gama tasa ya yi wa wasu a biya shi. Aikinsu daga fitowar rana ne zuwa wajen ƙarfe goma sha ɗaya, sa'a huɗu ko biyar, sannan a kwance su. Ka shafa wuyansu kullum, idan ka ji kumburi ko ka ga saɓa, ka naɗa wa karkiyar tsumma ka ba shi hutu. Kada ka yarda yaro ya riƙa dukansu. Sa mai gardama a kunya, sau da yawa yunwa ce ko ciwo.

Ruwan farko yana yaudara. A yi ruwa guda mai ƙarfi a watan Mayu, kowa ya fita da iri, sai sama ta ɗauke mako uku, yabanya ta ƙone. Gero yana jurewa, masara ba ta jurewa. Ka tona ƙasa ka ga laima ta kai tsawon hannu daga yatsa zuwa wuyan hannu ko fiye, ka saurari hasashen da hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, take fitarwa farkon kowace shekara, sannan ka sa masara. Shanu ma ruwan farkon yana wahalar da su. Tsohuwar ciyawa ta jiƙe ta ruɓe, sabuwar ba ta kai a kama da harshe ba, suna ta bin kore suna ƙona ƙarfinsu, wadda suka samu kuma ruwa ce zalla, sai zawo. Mutane da yawa sun rasa saniya bayan an fara ruwa, suna cewa ai an tsallake. Ka ɓoye kason ƙarshe na kara da harawa don waɗannan makonni uku, ka ba su busasshe da safe kafin su fita.

Damina in ta zauna abinci ya samu, nono ya ƙaru, sai matsalar wuri da ta hannu. Ko'ina shuka ce, babu inda za a sake su, kuma ranar da kake neman kowane hannu a noman farko ita ce ranar da shanu suke son mai tsaronsu. Kai malamin makaranta ne, ba sai na ce maka kada a cire yaro daga aji saboda kiwo ba. Da shanu takwas, ya fi maka ka ware wani yanki na gonar ka bar shi saura, ka dasa gamba a iyakoki, ka riƙa turke su kana yankan kyasuwa da harkiya kana kawo musu. Garke ya koma kan tudu, a riƙa matsar da shi, domin tsayuwa cikin taɓo tana ruɓar da kofato. Ka bi jikinsu da hannu duk bayan kwana biyu kana cire kaska, ka duba ƙarƙashin wutsiya da hantsa da cikin kunne. Inda kaska ta yi yawa, kirci yana biye, kuma kirci ya lalata fatar bijimi da bayansa sai ya kasa aiki. Maganin tsutsar ciki a ba su farkon damina da ƙarshenta, maruƙa su ne kan gaba. Waɗanda suka je kudu suka dawo suna ramewa da hawaye a ido, a duba sammore, cutar da ƙudan tsando ke kawowa.

A gona kuma, tun 2016 da tsutsar nan mai cin masara ta shigo ƙasar nan, sai ka riƙa leƙa cikin kan masara tun tana ƙarama, feshi kuma da sassafe ko da yamma. Maganin ciyawa ya rage wahalar noma, amma ya zama sabon haɗari ga mai dabba. Kada a yanko musu ciyawa daga inda aka yi feshi, kada a wanke tankin feshi a inda suke sha, kuma jarkar magani ba ta komawa ta ruwa ko ta nono ko an wanke ta sau goma. Watan Agusta, lokacin marka, rumbu ya kusa ƙarewa, zazzaɓin sauro yana kwantar da masu aiki, hatsi yana tsada a kasuwa. Kuɗin nonon da ya ƙaru shi yake riƙe gida har a fara cin tumu.

Ba zan ɓoye maka maganar sata ba. Abin da ya faru da masu shanu a Zamfara da Katsina da sassan Kaduna ya isa ya sa kowa ya yi hattara, kuma ku ba ku da nisa da iyakar Katsina. Garke ya kasance a jikin gida, ka san maƙwabtanka, ka shiga duk tsarin tsaron da unguwa take yi, ka ɗauki hoton kowace dabba a wayarka ta gefe biyu da alamominta. Idan abin ya zo da makami, Allah ya kiyaye, ranka ya fi garke.

Game da ajiye aiki, shawarata kada ka yi bana. Albashin nan shi ne zai saya maka dusa a watan Afrilu ba tare da ka kai karsanar kasuwa ba. Ƙaraye ba ta da nisa da Kano. Ka nemi canjin wurin aiki zuwa kusa da gida idan zai yiwu, ka sa ƙaninka ko amintaccen mutum a kan garken da lada bayyananne, kai kuma ka riƙa kwana a can duk ƙarshen mako da duk hutu har shekara ta zagayo, kana rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita a littafi guda. Hutun ƙarshen zangon nan ka yi shi a gona. Wannan Asabar ɗin kuwa, ka je ka duba rumfar da mahaifinka yake ɗora harawa, ka canza ginshiƙan da gara ta ci, ka auna dami guda na kara da na harawa a sikelin masu hatsi don ka san nauyinsu, sannan ka ƙirga dami nawa gonar za ta ba ka. Idan ka samu adadin, ka aiko mini da shi mu ga ko shanu takwas za ka shiga rani da su ko bakwai.